F-100, C10 ko Hilux: wacce zan tayar, kuma da wane inji?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema kafin in ɗauko abin da zai fi ƙarfina. Na daɗe da burin in samu tsohuwar a-kori-kura in tayar da ita da hannuna, ina koyo ina yi. Yanzu guda uku ne a gabana.

Ta farko Ford F-100 ce ta 1972, mai silinda shida a jere. Mai ita ya ce injin 300 ne (lambar girman inji ce, da inci kubik), amma ta daɗe a ajiye, injin ya cije, ko motsi ba ya yi. Rana ta ƙone fenti, kujera ta yage, sai dai a ido bodin bai ruɓe ba. Ta biyu Chevrolet C10 ce ta 1978, injin 350 mai silinda takwas, bugu ɗaya take tashi, ƙararta kuwa sai wanda ya ji. Matsalarta tsatsa: ƙasan ƙofofi da kusurwoyin kai (wato ɗakin direba) na baya duk sun cinye, har ana hango ƙasa ta wajen ƙafar direba. Ta uku Toyota Hilux ce ta 1985 mai dizal, injin 2L, tana tafiya, tana ɗan hayaƙi da safe.

Zuciyata tana kan Chevrolet saboda ita ce ke da rai. Ford ɗin ina tsoron injinta. Wacce za ku ba ni shawara, kuma in bar injin asali ko in sauya?

Baba Mai Gareji:
Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin mu kai ga inji, amsa min abu biyu. Me za ka riƙa yi da motar in ta tashi? Sannan kana da wurin ajiya a rufe, inda ba wanda zai zo ya ce ka kwashe kayanka aiki na tsaka? Motar da aka kwance tana cin wurin mota uku: shasi gefe, kai gefe, akwati da inji da tarkace gefe.

Sabon Shiga:
Allah ya ƙara girma Baba. Wuri akwai, rumfa ce mai daɓen siminti. Amfani kuwa hawa ne na ƙarshen mako, sai ɗaukar kaya marasa nauyi jefi-jefi. Ba tirela zan ja ba. Walda ban iya ba, amma kwance inji da ɗaurawa na ɗan taɓa a ƙananan motoci.

Mai Walda:
To ƙanena, ai ka riga ka amsa tambayarka. Ka iya inji, ba ka iya walda ba, sannan kana son ɗaukar wadda injinta ke lafiya bodinta ya ruɓe. Juya lissafin.

Inji noti ne ke riƙe da shi. Ka kwance, ka ɗaga, ka ajiye, ka kawo wani ka ɗaura. Tsatsa kuwa sai an yanka, an auna, an lanƙwasa sabon ƙarfe, an liƙa, an goge, kuma ramin da kake gani da ido kaɗan ne daga abin da ke ɓoye. In har ana hango ƙasa ta wajen ƙafar direba, to ruwa ya daɗe yana shiga, kuma ya sauka kan ƙafafun da kai yake zaune a kansu. In waɗannan suka tafi, kai yana sunkuyawa, ƙofa ta daina rufuwa daidai, tazarar da ke tsakanin kai da akwati ta karkace. Tsaya daga nesa ka kalli motar ta gefe, za ka gani.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Koma wurin ukun da tocila, da ƙaramar guduma, da sukundireba mai kaifi, da ɗan maganaɗisu. Kwanta a ƙarƙashi ka bi shasi daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe, ɓawo na zubo maka a fuska. Ka fi matsa wa wurin da sifirin yake ratayuwa, da wurin da akwatin sitiyari ya kama shasi, domin nan ne yake tsagewa. Maganaɗisun kuma ka bi bodi da shi: duk inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa aka shafe da fenti.

Hilux ɗin ka yi mata kallo na musamman. Shasinta rufaffe ne kamar bututu mai kusurwa huɗu, laka da ruwa suna shiga su kwanta, ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi. Zura yatsa ta ramukan gefe ka ji abin da ke ciki. Na Ford da Chevrolet buɗaɗɗe ne ta gefe ɗaya, abin da ka gani shi ke nan.

Mai Takwas:
Yaya Mai Walda, ban ƙi maganarka ba, amma kada a tsorata yaro ya bar mota mai kyau. A duk tsofaffin a-kori-kura babu wadda ta kai Chevrolet na 1973 zuwa 1987 samun kayan gyara. Har yau ana buga sabon daɓen kai, da ƙasan ƙofa, da kusurwoyi, a yanke daidai, sai dai a liƙa. Ga birkin faifai a gaba tun daga masana'anta, wanda C10 ta samu tun 1971, alhali Ford ɗin nan ta 1972 ganga ce gaba da baya. Injin 350 kuma dangin da suka fara tun 1955 ne, an ƙera su miliyoyi, ba abin da za ka nema ka rasa. Mota mai tashi tana ƙara wa mai gyara ƙwarin gwiwa. Wadda ba ta tashi, mutum yana iya shekara yana kallonta har zuciyarsa ta mutu.

Mai Walda:
“Sai dai a liƙa” ɗin nan ita ce aikin gaba ɗaya. Wa zai liƙa? Ya ce bai iya ba. Kuma sabon ƙarfen da ake bugawa ba ya zama daram, sai an rage nan an ƙara can. Kafin a yanke ƙasan ƙofa sai an tokare kai da ƙarfe ta ciki, in ba haka ba ya motsa, ƙofar ba za ta sake shiga gurbinta ba. Maganarka ta ƙwarin gwiwa gaskiya ce, na yarda da ita. Sai dai motar da ke tashi yau, ranar da aka ɗaga kanta don walda ita ma ta daina tashi.

Ɗan Dizal:
Ni tawa gajeriya ce. Ɗauki Ford saboda bodi, ka fitar da wancan injin da ya cije, ka sa injin dizal na Cummins 6BT. Lita 5.9, silinda shida, bawul 12, famfon mai na ƙarfe zalla ba kwamfuta, in ya tashi waya ɗaya kawai yake buƙata. Shi Dodge ta fara sa wa a-kori-kurarta a 1989. Ka yi gyara sau ɗaya ka huta har jikoki.

Injiniya:
Malam Ɗan Dizal, ina girmama 6BT ƙwarai, amma ba a wannan motar ba. Bari in faɗi dalili dalla-dalla, don mai tambaya ya ga yadda sauya inji yake jan wasu abubuwa a bayansa.

Na farko nauyi. 6BT yana kai wa kilo 500, kusan ninki biyu na injin da ke cikin F-100. Dodge da kanta ba ta sa shi a ƙaramar motarta mai ɗaukar rabin tan ba, sai a manyan, masu kaurin shasi da aksul. Ka ɗora shi a hancin F-100, sifirin gaba zai zauna, sitiyari ya yi nauyi, tayoyin gaba su riƙa cinyewa ta gefe, birkin ganga kuma a ce ya tsayar da duk wannan. Ford ɗin tana da ƙafar gaba irin wadda suke kira Twin I-Beam tun 1965, ƙarafa biyu dogaye da ke gittawa ƙarƙashin inji. In tsayin motar ya sauya, tsayuwar taya ma ta sauya, kuma gyaranta sai an lanƙwasa ƙarfen.

Na biyu juyi. Ɗauki taya mai tsayin santimita 74, kewayenta wajen mita 2.3 ke nan. A gudun kilomita 100 cikin awa, tayar tana juyawa kusan sau 725 a minti. In aksul ɗin baya mai rabon 4.11 ne (wato farfela ta juya sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya), giyar ƙarshe kuma ɗaya-da-ɗaya ce kamar yadda take a tsofaffin giyabos masu giya uku ko huɗu, injin yana juyi kusan 3,000 a minti. Injin fetur zai jure, ko da yana kuka. 6BT na farko gwamnansa, wato na'urar da ke iyakance juyin inji, yana yanke mai a wajen 2,500. Wato ka sa inji mai ƙarfin gaske, motar kuma ta kasa kai gudun da take yi da. Dole ka sauya giyabos zuwa mai giya ta biyar, ko ka sauya haƙoran aksul, yawanci duka biyun. Giyabos ɗin asali ma ba zai daɗe a bayan wannan ƙarfin murɗawa ba.

Na uku ƙananan abubuwan da ba a tunawa. Injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da bustan birki ke aiki da ita, sai an sa masa famfo na daban. Yana buƙatar bututun mayar da mai tanki. Yana buƙatar babban lagireto da batir mai ƙarfi. Sai a yanke farfela, a ƙera sababbin ƙafafun inji, a sake salansa. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne, amma a tare su ne ke sa mota ta shekara a kan jak.

Duk wannan don ɗaukar kaya marasa nauyi a ƙarshen mako?

Ɗan Dizal:
To a sa ƙaninsa, 4BT. Lita 3.9, silinda huɗu, gajere ne, ya fi sauƙin nauyi, mai kaɗan yake sha. Ni dai abin da nake guje masa shi ne fetur. Kafireto yau lafiya gobe ciwo, ga fulogi, ga kwantak, ga shan mai.

Tsohon Direba:
Ɗana Ɗan Dizal, ka taɓa yini a bayan 4BT? Na tuƙa motar rabon kaya mai irinsa. Inji ne na gaskiya, ba ya gajiya, amma a tsaye yana girgiza mota har madubi ba ya nuna komai, sitiyari na rawa a hannu, duk notin da bai ɗauru sosai ba sai ya kwance. A motar aiki ana haƙuri da wannan don ana neman abinci. Wanda zai hau don jin daɗi, da iyali a gefe, a kai na ƙarfe zalla da ba abin tare ƙara, ba zai so shi ba. Kuma ya fi kilo 300, ga tsayi.

In dizal ake so, ai ga Hilux nan da nata tun asali, ba sai an yanka komai ba. 2L ba shi da gudu, lita 2.4 ne ba tabo (turbo), a hawa sai ka sauko giya ka bi shi a hankali. Amma yana kai mutum gida. Abu biyu ne ba ya yafewa: zafi da bel ɗin taimin. In ya yi zafi sosai, kan silinda yana tsagewa. In bel ya tsinke, fistin ya haɗu da bawul. Wanda ya sayi irinsa, ranar farko ya sauya bel, kada ya saurari “ai kwanan nan aka sa”. Hayaƙin safe in fari ne yana ɗaukewa da inji ya ɗumama, sau da yawa hita-fulogi ne ko nozul. In shuɗi ne kuma ba ya ɗaukewa, baƙin mai yake ƙonawa. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai yana aiki, in yana huci da ƙarfi kamar zai ture murfin, ringi sun tafi.

Malama Mai Wayarin:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda an ambaci Cummins, na san saura kaɗan wani ya ce a sa LS, gara in riga shi. Injinan GM ne da suka fara a 1997, na a-kori-kura kuma masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 suka biyo a 1999. Suna da ƙarfi, suna tashi da sanyi ba gardama, kuma a C10 suna zama cikin sauƙi fiye da a Ford. Amma ƙanena ka sani, ba inji kaɗai kake saye ba. Akwai birenbos ɗinsa, wato kwamfutar inji, da damin wayoyi da sai an tsefe an cire na banza, da tsarin hana sata da sai an kashe a cikin kwamfutar kafin ya yarda ya tashi a wata mota, da famfon fetur mai matsi sosai wanda tsohon tanki da tsofaffin bututu ba za su ɗauka ba. Aikin da nake yi ke nan, kuma motocin da suka fi zuwa hannuna a mace su ne waɗanda aka haɗa sabon inji da wayoyin da suka shekara 50, robarsu tana farfashewa a hannu.

Ko wacce ka ɗauka, ko da injin asali ka bari, sauya wayoyin gaba ɗaya ka sa akwatin fis na zamani. Wuta ta fi cije inji saurin raba mutum da tsohuwar mota. F-100 ɗin nan tankin fetur ɗinta a cikin kai yake, bayan kujera. In kana jin warin fetur a ciki, robar wuyan tanki ce ta mutu. Da yawa suna mayar da tankin ƙarƙashin akwati, tsakanin ƙarafan shasi, ni ma shi na fi so. C10 ta 1978 kuma nata a gefe yake, wajen shasi, tsarin da aka yi ta ƙorafi da shari'a a kansa a Amurka saboda haɗarin gobara in an buge ta ta gefe.

Sai takardu. Kafin kuɗi su fita, lambar da ke jikin shasi da ta farantin ƙofa su zo daidai da ta takarda, harafi da harafi. Ka kuma bincika dokar inda kake a kan sauya inji, musamman daga fetur zuwa dizal, domin wasu ƙasashen sai an sake dubawa an sake rajista.

Mai Takwas:
Malama kin riga ni, LS ɗin nake shirin cewa. Amma ko ba LS, in ya ɗauki Ford ai 302, injin Ford mai silinda takwas, yana shiga. Bakin giyabos ɗinsu ɗaya ne da 300. A-kori-kurar Amurka ba silinda takwas, ina daɗinta?

Baba Mai Gareji:
Na bar ku kun zuba, yanzu ku ba ni wuri. Kowa yana ta neman abin da za a sa a gurbin injin Ford ɗin nan, ba wanda ya tambaya ko ya mutu. Cijewa daban, bugawa daban.

Ɗana, 300 ɗin da kake tsoro yana cikin injinan fetur mafi juriya da aka taɓa sa wa a-kori-kura. Ford ta yi shi daga 1965 har 1996, shekara 31, a motocin kaya da janareto da injinan gona da motocin jan kaya a filin jirgi. Lita 4.9 ne. Kiranshaf ɗinsa a kan beyarin bakwai yake kwance. Ba shi da bel ko sarƙar taimin, haƙori ne ke juya haƙori. Ƙarfinsa a ƙasa yake, tun juyi bai kai 2,000 ba ya riga ya ba ka abin da yake da shi, shi ya sa da kaya a baya za ka saki kuloci ya tashi ba tare da ka taka totur sosai ba. Silinda shida a jere kuma a daidaite suke tun daga ƙira, ba girgiza. Buɗe bonet ka gani: fulogi shida a gefe ɗaya, a fili, hannunka yana kai wa ko'ina. Ga mai koyo, ban san makarantar da ta fi wannan ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Rauninsa da na sani: wasu an sa musu haƙorin kamshaf na fayiba don rage ƙara, in ya tsufa yana zubar da haƙora, mota ta mutu nan take. In ka buɗe ka ga irinsa, sa na ƙarfe.

Ga yadda za ka san ko yana da sauran rai. Fara da sassauta notin juye baƙin mai kaɗan, kada ka cire. Ruwa ya fi mai nauyi, in akwai shi a ciki shi zai fara ɗigowa. Ɗigo kaɗan gumi ne na ajiya. In ya zubo da yawa, ko baƙin man ya koma fari-fari mai kauri, to akwai magana. Sannan cire fulogi duka shida ka jera su yadda suke, ka dubi bakin kowanne. Wanda ya yi jar tsatsa, silindarsa ce ruwa ya shiga. Zuba man giya na otomatik gauraye da ɗan dizal ta kowane rami, ka mayar da fulogi sako-sako, ka bar shi ya jiƙa kwanaki. Bayan nan cire fulogin, sa sifana mai dogon hannu a notin gaban kiranshaf, ka riƙa matsawa gaba kaɗan, baya kaɗan. Kada ka yi masa ta ƙarfi, kuma kada ka kuskura ka buga kik ko ka sa a ja motar a saki kuloci. Haka ake karya ringi, a lanƙwasa sandar fistin, injin da zai tashi da ɗan wanki ya koma na zubarwa. Ka cire murfin bawul ma ka duba, domin wani lokaci ba fistin ne ya kama ba, bawul ɗaya ne ya maƙale.

In ya juya, sabon baƙin mai da filta, ka cire distiributa ka juya famfon baƙin mai da na'urar huda har mai ya hau sama, kafin a yi maganar tayarwa. Sai gwajin matsi. Ba yawan lambar ne ya fi damuna ba, kusancinsu ne: kada wata silinda ta yi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake gwadawa. In ta hau, ringi ne. In ba ta hau ba, bawul ne. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu.

Mai Takwas:
Baba, ranka ya daɗe, ba na ja da kai a kan juriya. Amma doki nawa ne a cikinsa? Wajen 120 fa. Ƙaramar motar gida ta yau ta fi shi.

Injiniya:
Lambar tana da labari. Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna inji tsirara, ba fanka, ba salansar kirki, ba abin da ke jan ƙarfinsa, shi ya sa takardun shekarun 1960 suka ba 300 doki 170. Daga 1972 aka koma aunawa yadda yake a cikin mota, lambobin kowa suka faɗi, har da 350 ɗinka. Na ƙarshen shekarun 1970, da dokokin hayaƙi suka shaƙe shi, bai kai yadda ƙararsa ke nunawa ba.

Kuma abin da ke riƙe 300 numfashi ne: ƙaramin kafireto mai maƙogwaro ɗaya yana ciyar da silinda shida. Ana buɗe shi ba tare da an taɓa cikinsa ba. Bututun fitar hayaƙi na ƙirar 1987 zuwa sama, wanda ya rabu biyu, yana ɗauruwa a tsohon. A ƙara kafireto mai ɗan girma, a cire kwantak a sa wutar lantarki irin Duraspark da Ford ta koma yi a tsakiyar shekarun 1970, wanda ya amsa rabin kukan Malam Ɗan Dizal. In ana son sauƙin mai a doguwar hanya, giyabos mai giya biyar na F-150 daga 1988 yana kama bayansa, sai dai a mayar da kuloci na mai. Aksul ɗin bayan F-100 kuma irin mai inci 9 ne, wanda ake zaro cikinsa gaba ɗaya ta gaba, don haka sauya rabo aikin yini ne.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na duba yadda Yaya Mai Walda ya ce. C10 ɗin, ƙafar kai ta gaba ɓangaren direba sukundireba ya shige ta, ƙofar ma sai an ɗaga take rufuwa. Hilux, na zura yatsa a ramin shasi kusa da ratayar sifirin baya, ɓawon tsatsa ne cike, guduma kuma ta lotsa wurin. Ford shasinta ƙarau take amsawa daga gaba har baya. Tsatsar da na samu a mazaunin batir ce, da wani wuri kamar tafin hannu a daɓen ɓangaren fasinja. Lambobi sun dace da takarda. Na ɗauke ta.

Baba, na bi matakanka. Ruwa bai fito ba sai ɗigo. Bayan jiƙo ya motsa, yanzu yana zagayawa da sifana. Amma wani ya ce min wai a 1972 akwai injin 240 ma, kuma a ido ba a bambanta su. Yaya zan gane?

Baba Mai Gareji:
Madalla, Allah ya sa albarka. Gaskiya ya faɗa maka, gangar jikinsu ɗaya ce, faɗin silinda ma ɗaya, inci 4. Bambancin a tafiyar fistin yake. Samo siririn sanda mai santsi, ka zura ta ramin fulogi na ɗaya ya zauna a kan fistin. Juya inji da hannu har sandan ya gama sauka, ka yi alama daidai bakin rami. Ci gaba da juyawa har ya gama hawa, ka sake alama, kana riƙe da shi kada ya maƙale. Auna tsakanin alamun biyu. Wajen santimita 10, 300 ne. Wajen 8, 240 ne.

Sabon Shiga:
Na auna Baba. Takwas ne da ɗan ɗoriya. Raina ya ɗan sosu, don da 300 muka yi magana da mai ita.

Ɗan Dizal:
To ka gani. Tunda ba shi ba ne, sai a dawo maganata.

Tsohon Direba:
A'a, ba a dawo ba. 240 ɗin lita 3.9 ne, beyarin bakwai ɗin nan dai, haƙorin taimin ɗin nan dai. Ga aikin da ya ce zai yi, ya ishe shi har ya yi saura. Ɗana kada ranka ya ɓaci, mai yiwuwa shi kansa mai motar haka aka faɗa masa.

Injiniya:
Kuma ba abin da ya rufe maka. Duk ranar da ka samu 300 na kafin 1987, mai kafireto, zai zauna a ƙafafun nan, ya kama giyabos ɗin nan, ba yanka ba walda. Kan silindar 240 ɗinka ma kada ka yar, ɗakin ƙonewarsa ya fi ƙanƙanta, ana ɗora shi a kan 300 don ƙara matsi. In an cire shi, a sa masa mazaunin bawul masu tauri a ɓangaren hayaƙi, domin an ƙera shi ne lokacin fetur mai darma.

Malam Mai Takwas, in ya bi taka ya sa 302 wata rana, ya sani fulawil ɗin ba ɗaya ba ne ko da ya ɗauru. Na silinda shida ba shi da nauyin daidaitawa a jikinsa, na 302 yana da shi, kuma nauyin ma ya sauya a farkon shekarun 1980. In aka haɗa ba daidai ba, girgiza za ta cinye beyarin.

Mai Takwas:
Na karɓa. Amma ina nan a kan bakana, ranar da ya ji 302 a cikin irin motarsa zai dawo ya neme ni.

Baba Mai Gareji:
Ya neme ka bayan ta iya tsayawa. Ɗana, yi gwajin matsi ka kawo mana lambobi shida. In sun yi kusa da juna, tayar da shi daga galan, kada ka ja fetur daga tsohon tankin nan. Da ka ji muryarsa ka tabbatar baƙin mai yana hawa, kashe shi ka rufe, ka koma kan birki: sabon masta, sababbin robobin ƙafa huɗu, bututun roba duka, na ƙarfe ma duk wanda ya yi tsatsa. In za ka sa faifai a gaba, na F-100 daga 1973 zuwa 1979 suna shiga, ka ɗauko su da sandunansu gaba ɗaya, ka sa sabon kimfin tunda ka riga ka kwance wurin. Tayoyin da ke jikinta kuma ko zanensu bai goge ba, kada su hau titi.

Malama Mai Wayarin:
Kafin ka haɗa batir don gwajin matsin, cire wayar da ke zuwa kowil, ka kuma sa fis babba a kan wayar da ke shiga cikin kai. Ɗauki hoton bayan dashbod da na wajen kik ka turo, in nuna maka waɗanda za ka yanke tun yanzu.